Muryar Malam da Injin Niƙa

Na rasa muryar mijina, na samo injin niƙan nan da kuke jingina da shi. Ku matsa, ba kujera ba ne.

Tumaki biyu na sayar a kasuwar Bukkuyum na yi kuɗin mota zuwa Kaduna. Ɗan ƙanena Sanusi ya samo mini aikin, girki da shara a ofishin da yake aiki, su huɗu, kowa da kwamfutarsa. Mai gidan da na kama ɗaki kuwa, ku bar shi, ko ruwan alwala na ɗiba sai ya leƙo.

Abin da suke ƙerawa wai shi "ejan". Na ce mi ke nan kuma? Sanusi ya ce ɗan aike ne marar jiki, cikin kwamfuta yake zaune. A aike shi ya buɗe fayil ya karanta, ko ya buɗe ya rubuta. Fayil ɗin, ni hayil nika cewa su yi ta dariya, kamar ƙwarya ce mai suna a jiki.

Ina da ɗan katin waya, wanda ake cewa memori, ƙulle a bakin zane tun barina garinmu Zugu. Magana ɗaya ce ciki, ta mijina Malam kafin rasuwarsa: "Hajo, akuyar nan ta shiga wake, ina kike?" Faɗa ma yake yi. Katin ya fara tsatsa, na ba ogansu ya juye mini a kwamfuta, ya sa wa hayil ɗin suna Hajo. Sau uku na saurara. Sati bai cika ba katin ya mutu.

Sai suka aiki ɗan aiken ya rubuta abincin sati, ya ajiye da sunana. Ashe in ya buɗe ƙwarya don zubawa, kifar da abin ciki yake fara yi. Ranar da na ce a kunna mini Malam, abin da aka tarar: Litinin, shinkafa da wake.

"Inna, kuskure ne," in ji oga.

"A garinku hatsin iri da hatsin ci rumbu ɗaya ake zubawa? Ka ba ɗan aike makulli, ba ka ce mishi duba kawai ba?"

"Albashin wata biyu, ki yi haƙuri."

"Albarka."

"Wata huɗu."

"Shekara talatin muka yi da shi, ɗana. Albarka."

Kwana tara ban ɗora musu tukunya ba, na kasa zama, na share ofishin nan har bayan kabad. Na sani sarai babu kuɗin da zai sake kirana Hajo. Abu mai ƙara nake so, wanda in yana aiki ba zan riƙa kasa kunne ba.

Na ce: ɗan aikenku ya riƙa juye abin ciki gefe kafin ya taɓa ƙwaryar kowa, ku nuna mini da idona. Sannan injin niƙa sabo, da ɗaukarsa har ƙofar gida. Suka nuna mini, suka ɗora injin a mota.

Nan na ce na sallama.