Hoton da Ban Manna wa Jar Takarda Ba

Shugaban ƙungiyar 'yan fim ta lardinmu, Darakta Shao da kuka taso duk da ciwon ƙafa, abokan aiki manya da ƙanana, Yaya Guifen matar marigayi, da ɗansa Lisheng da nake hangowa can baya kusa da ƙofa: ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya.

Sunana Niu Cuiying. Ban yi karatu mai nisa ba, ku yi haƙuri da maganata. Ni ce mai ɗinka wa marigayi Malam Teng Deshun tufafin wasan fim a nan Changchun, tun ina budurwa har na goya jika.

Ya kasance mugun fim da ƙasar nan ta fi sani. Azzalumin mai gonaki, ɗan fashi, maci amanar ƙasa, duk shi ne. Mun girma muna tsine wa fuskarsa a majigi. Wata rana a kasuwa wata tsohuwa ta kwaɗa masa kabeji a ka.

"Tsinanne! Kai ka sayar da yarinyar nan!"

Ya ɗauki kabejin, ya karkaɗe, ya miƙa mata da hannu biyu. "Inna, ai an harbe ni a ƙarshe."

"Bai isa ba!"

Muna tafiya yana ta dariya. "Ƙanwa Niu, yau na karɓi lambar yabo."

Ya kasance mutumin da ya iya mutuwa. Darakta, kun tuna lokacin sanyin da muka yi aiki a bakin kogi? An kwantar da shi a matsayin gawa, amma tururin numfashinsa yana fitowa a hoto. Ya dumbuzi ƙanƙara ya cika bakinsa, ya koma ya kwanta. Tururi ya ɗauke. Ƙanƙara tana sauka a kan fuskarsa, har ta daina narkewa, ko gashin idonsa bai motsa ba. Kuka ce a tsaya, bai tashi ba. Muka ruga da gudu, ni har da ihu. Sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, "An gama? To a kawo shayi, gawa tana jin sanyi." Ban san yadda mai rai yake yin haka ba.

Kun san al'adarmu. In za a kafa hoton ɗan wasa a fim kamar na mamaci, sai an manna jar takarda a bayansa, don mutuwa ta gane wasa ake. Ni nake manna masa. Kullum sai ya juya hoton ya duba. "Ki ƙara gam, Ƙanwa Niu. Ina da yaro a makaranta."

Lisheng, kai ne yaron.

Mun san abin da ka sha. Yara sun jefe ka, sun kira ka ɗan maci amana, har ka ce kada ya sake raka ka makaranta. Ya ce to. Amma kullum yana biye da kai daga nesa, ya ja hula ya rufe fuska, sai ya ga ka shige ƙofa. Sau ɗaya a rayuwarsa ya roƙi a ba shi matsayin jarumi. Aka ce masa 'yan kallo ba za su yarda ba. Ya dawo ɗakin kaya ya zauna ya ce, "Na so yaron ya ga an tafa mini." Da ka girma ka tafi kudu ka daina zuwa, bai taɓa zarginka ba. Cewa yake, "Fuskata ce ta jawo masa jifa."

Ya kasance uba, ko da daga nesa ne.

Yanzu za a fita da shi, kuma a al'adarmu ɗa ne ke riƙe hoton mamaci a gaba. Mahaifiyarka ta gaya mini ka ce ba ka cancanta ba, a ba wani. Wa za mu ba? Da safen nan aka ba ni hoton in goge. Ban ankara ba hannuna ya shiga aljihu yana neman jar takarda. Na juya hoton, na ga bayansa fari fat. Wannan karon ba zai buɗe ido ya nemi shayi ba, ɗana. Ya daɗe yana tafiya a bayanka a ɓoye. Yau ka yi gaba, ya biyo ka kowa yana gani.

Yaya Guifen, share hawayenki. Ga Lisheng ya taso. Jama'a, ku ba shi hanya.

Na gode da kuka saurari tsohuwa. Malam Teng, ka sauka lafiya. Hanya ta yi maka haske, kakanni su tarbe ka da shayi mai zafi. In ana wasa a can, su ba ka matsayin mutumin kirki, ba sai ka yi atisaye ba.

Riƙe hoton da hannu biyu, Lisheng. Ɗaga sama. Mu tafa wa Malam Teng.