Yayana Ba Zai Bar Filin Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hauwa daga Babban Mutum.

Yayana Lawal ɗan wasan gaba ne a da, wata ƙungiya a Kano ke biyansa albashi. Ya ajiye ƙwallo ya shiga soja, aka kai su yaƙin Laberiya, ya dawo mana da ƙafa ɗaya. Yanzu matasa yake horarwa a bayan kasuwa, yana dogara sanda.

Ran nan wasu 'yan unguwa suka ce tunda Shari'a ta zo, ya tattara ya bar filin, wai yana shagaltar da samari. Ɗaya har da cewa, "Me ya haɗa gurgu da ƙwallo?"

Yaya ya ce, "Ƙafar nan ba a gidan rawa na baro ta ba. Ana kiran salla nake busa usur, kowa ya tafi alwala. Ku kawo malamin da ya ce haramun ne. Kafin nan, ina nan daram."

Har yau ba su kawo kowa ba. Malamai masu saurare, don Allah ina laifinsa? Ina gaida 'yan wasansa, gobe ku fito da wuri.