Sojan da Na Hana Baba Tela

Mai girma shugaban taro, shugabar ƙungiyarmu ta masu wasan ces, iyayenmu mata da suka sha jiranmu abinci yana hucewa, tsofaffin abokan karawa, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana a ranar da Baba Tela yake rufe shagonsa, saboda ido ya daina ganin kafar allura. Magana uku ce da ni.

Ta farko, a shagon nan muka koyi ces, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da dawakai da sojoji, tsakanin keken ɗinki da teburin guga, a kan allon da soja ɗaya ya ɓace aka maye gurbinsa da maɓallin kwat. Dokar Baba ita ce, duk wanda ya shigo shi ke riƙe fararen 'ya'yan wasa, shi ke fara tafiya. Shekara arba'in, Baba bai taɓa riƙe wasu ba sai baƙaƙe.

Ta biyu, wannan karamci ne ya haifi dabararsa. Idan mai farare ya turo sojan gaban sarauniya, mu sai mu takure muna kare gida. Shi kuwa nan take zai tura masa soja a baki, kyauta. Kana murnar ka ci banza, dawakansa sun iso ƙofar sarkinka. Direba, ga shi can yana dariya, ya taɓa cewa, "Baba, wannan kyauta taka da ƙugiya a ciki." Baba ya ce, "To wa ya ce ka haɗiye?"

Ta uku ita ce mai nauyi. Shekara ashirin da suka wuce na kai wasan ƙarshe a gasa, baƙaƙe a hannuna, Baba yana tsaye bayana da tef ɗin awo a wuya. Aka turo sojan gaban sarauniya. Na kai hannu zan yi kyautar soja irin ta Baba, tsoro ya kama ni, na hana sojan, na noƙe har aka cinye ni. A hanya ya ce, "Faɗuwar ba ta dame ni ba. Rowar ce ta dame ni." Kunya ta hana ni sake taka shagon nan sai yau. Na yi kewarsa, na yi kewarku, kuma laifin nawa ne ni kaɗai.

Baba, ga allon nan an shimfiɗa, maɓallin yana wurinsa. Ina roƙonka gaban jama'a, yau ɗaya ka karya dokarka, ka riƙe farare. Faɗi tafiyarka, Direba zai tura maka. Ni kuma zan ba ka sojan da na hana.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya jiƙan waɗanda kujerunsu suka zama wayam, ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.