Ranar da Kwamfutata Ta Manta da Ni

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Daga Damba, Gusau, nake rubutowa.

Na daɗe ina jin ana cewa in aka sabunta wa kwamfuta manhaja, sai ta zama kamar sabon attajiri, ta manta da mutanenta. Ban yarda ba. Ranar Laraba tawa ta nemi sabuntawa, na danna mata, alhali washegari sunan jikana a Kaduna, ɗiyata za ta nuna mini shi ta bidiyo.

Da ta farka, intanet ya ɗauke, rubutu ya yi dishi-dishi. Na zargi idona, har na ɗiga magani sau biyu, kafin na kai ta wurin Malam Sani mai gyara. Ya ce, "Baba, idonka lafiya lau. Manhajojin allo da na intanet ne ta baro a baya." Ya jona ta da wayarsa, ya sauko da su. Na ga jikana, hancina sak.

Shawarata, kada a sabunta ana gobe suna. Daga ƙarshe, a gaishe mini da wadda ta gargaɗe ni da safiyar Larabar: Hajiya Rabi, matata. Hajiya, kin yi gaskiya, kuma a rediyo na faɗa.