Albasa Mai Jar Hula

Ranar Larabar da ta biyo bayan Babbar Sallar bara, da hantsi, a wani ofis mai sanyi kamar cikin randa a Abuja, aka ci mutuncina. Ku riƙe ranar. Ni Malam Umaru na Jiga Makera, wanda ya koyar da iyayenku har ya yi ritaya yana hedimasta, ba na kawo ƙara babu rana. Ku gyara zama, ku masu ɗokin tafiya ci-rani. Wanda ya yi dariya kafin in kai ƙarshe zai tashi ya tsaya a rana.

Kuɗin mota matata Hajiya Kulu ce ta bayar. Ta sayar da tunkiyarta a kasuwar Jega da ke kusa da mu, ta kwance bakin zane ta miƙo mini, ta ce, "Malam, tunda zaman gida ya sa har kaji kake gyara ma tahiya, tahi ka gyara ma mutanen birni." Na miƙa hannu biyu da ladabi, don kuɗin na hannunta tukuna.

Wanda ya kira ni aikin Bashiru ne, ɗan garin Liba, tsohon ɗalibina da na sha ja wa kunne saboda ƙazamin rubutu. Ya buɗe kamfani a Abuja. Manoma da dillalan albasa na Aliero da Maiyama su ɗauki hoton kayansu da waya su aika masa, masu saye daga Kudu su duba a manhaja su yi ciniki. Ya ce yana neman mutum mai ido, wanda ba ya yafe kuskure. Na ce ya samu.

Ɗaki na kama a Mararaba, gidan wani ƙato da ake kira Oga Lanlodi, mai sayar mana da ruwa bokiti-bokiti. Tun makon farko muka kwasa.

"Baba Ticha, kai wanka sau nawa?"

"Alwala ce."

"Kullum, kullum? Ruwa kuɗi ne!"

"A Jega gulbi ke wucewa ta bayan gari, ba wanda ya taɓa rubuta masa rasit."

"To koma Jega!"

Da na bi shawararsa a ranar, da yau ina da sunana.

Na je ofis na ce wa Bashiru ya nuna mini hotunan. Ya ce, "Malam, suna kilawud." Na ce fassara. Ya ce gajimare. Na leƙa taga, sama tas, ko tsuntsu babu. Ya ƙara da cewa a cikin gajimaren ma suna cikin bokiti. Jama'a! Na girma ina ganin bokiti a ƙarƙashin gajimare yana tarar ruwa, sai a Abuja na ji an ɗora shi a sama. Da na matsa masa, sai ga gaskiya: rumbu ne na kwamfutoci a wata ƙasa mai nisa, haya ake biya, bokitin kuma sunan ɗakin da aka ba ka ne. Rumbun haya. Abin da zai faɗa tun farko ke nan.

Aikina shi ne sa wa kowane hoto alama, su suna cewa tagi. Kun san yadda dillali ke shafa wa buhu fenti don kada ya ɓace a mota? To shi ne, sai dai wannan tana da gefe biyu kamar jarrabawa, tambaya da amsa. Iri: albasa. Asali: Aliero. Daraja: ta ɗaya, ko ta biyu, ko ta uku. Sayarwa: e ko a'a. Duk hoton da aka rubuta masa e, nan take manhaja za ta baje shi a wayar kowa. Ta ɗaya ita ce ƙosasshiya mai sheƙi. Ta uku kuwa ita ce ƙanana, ƙujajjiya, wadda ta fara tsiro, wadda in ba a sayar yau ba gobe sai ƙuda.

Na yi aikin da hannu, hoto ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake duba littafin yara. Bashiru ya fara ƙorafi.

"Malam, hotuna na shigowa kamar fara, kai kuma kana tafiyar hawainiya."

"Gaggawa aikin Shaiɗan ce."

"Albasa ba ta jiran wa'azi, Malam, ruɓewa take."

Sai ya zauna ya rubuta wani abu wai sikirif. Umarni ne da ake jera wa kwamfuta: shiga folda kaza, duk abin da kika tarar a ciki manna masa alama kaza. Folda dai kamar kwando ce a cikin bokitin, akwai ta kowace daraja. Aikina ya koma ware hotuna cikin kwanduna, sikirif ya bi baya da fenti.

Yanzu ku saurara da kyau, nan shari'ar take. Ranar Sallah na sa farar babbar riga da jar hulata, na tsaya gaban wani dogon bene na gilashi aka ɗauke ni hoto, don Hajiya Kulu ta ga tunkiyarta ba ta tafi a banza ba. Wayata ta cika. Na ce ga rumbu ana biyan haya, sai na ajiye hoton a bokitin kamfani, a foldar da ke buɗe gabana, wadda ta zamo ta daraja ta uku. Kuma ban yi sakaci ba. Na sa masa alama da hannuna. Iri: ɗan Adam. Asali: Jiga Makera. Daraja: hedimasta mai ritaya. Sayarwa: a'a. A'a na rubuta, har na sake dubawa.

Wai Bashiru ya faɗa a taro cewa sikirif ba ya ƙari a kan alamar da ya tarar, share ta yake gaba ɗaya ya ɗora tasa. Mai yiwuwa ya faɗa. Amma cingam yake tauna a lokacin, ni kuwa tun ina aji ba na sauraron mai magana da abu a baki.

Ranar Larabar nan ya danna madanni. Kafin in kurɓi shayina sau biyu, aikin da zai ci mini wata guda ya ƙare. Yaran ofis suka yi ta tafi. Ni ma na tafa, Allah ya yafe mini. Sai wayata ta yi ƙara. Alhaji Ɗandare ne, babban dillali a kasuwar albasa ta Aliero.

"Malam, barka da hantsi. Nawa na?"

"Me fa, Alhaji?"

"Kai mana! Ga ka nan cikin waya, buhu a dama, buhu a hagu. An ce ta uku ce, amma ni hulag ga ta burge ni. Ka hwara tsiro, ko da saura?"

Ina jin dariyar rumfa guda a bayansa. Na buɗe manhaja. Ga ni tsaye, ƙirji a gaba, rigata na sheƙi, a ƙasa an rubuta: albasa, Aliero, ta uku, sayarwa e. Har wani mai saye daga Kudu ya aiko tambaya ko mai jar hular za ta jure tafiyar mota.

Kai Sani, na ga haƙoranka. Tashi ka tsaya.

Na nufi teburin Bashiru, sai na tarar da shi a ƙarƙashinsa yana riƙe ciki don dariya.

"Fito! Wa ya ba ka izinin sayar da ni?"

"Malam, wallahi sikirif bai san mutum ba, folda ya sani."

"To me ya hana ka koya masa ladabi kafin ka sake shi cikin jama'a?"

Ya cire hoton nan take, wannan gaskiya ne, ba na ƙara wa mutum laifi. Amma me ya rage? Ya riga ya sauka a wayar kowane dillali daga Jega zuwa Sarandosa.

Ku fahimce ni. Ba kirana albasa ne ya ƙona mini rai ba. Albasa ta gina gidaje a ƙasar nan, ta kai mutane Makka. Amma ta uku! Ni da ban taɓa zuwa na biyu a aji ba!

Na daure na ƙare kakar, na dawo da bandir ɗin kwano, da sabon tabarau, da kuɗin tumaki biyu na Hajiya. Motarmu na shiga tashar Jega wani ɗan kamasho ya kwarma ihu, "Ta Uku ta iso! Ku sauke ta a hankali kada ta ƙuje!" Mahauta suka bar nama suka fito kallo. Na iso gida ina neman mai tausaya mini, Hajiya Kulu ta aje mini ruwa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, da na san kasuwarka ta hwaɗi haka, da ban sai da tunkiyata ba."

Duk wannan na shanye. Abin da ban shanye ba shi ne ranar rabon kyaututtuka a makarantar da na riƙe da hannuna. Kowace shekara ni ake kira in miƙa kyauta, kowa ya yi tsit in na miƙe. Bana mai sanarwa ya kira na ɗaya, aka tafa. Ya kira na biyu, aka tafa. Da ya ce "na uku", sai filin gaba ɗaya ya juyo ya dube ni, har liman ya rufe baki da rawani. Yarinyar da ta ci kyautar ta kasa tahowa don dariya. Tun ranar ban ƙara miƙewa a taro ba, kuma mutum irina in an hana shi miƙewa a taro, me aka bar masa?

Bashiru ya aiko da buhun albasa ta ɗaya, da saƙon waya wai a yi haƙuri. Albasar mun ci, tana da daɗi, ba na ɓoye gaskiya. Haƙurin ne ban karɓa ba. An ci mutuncina a wayar duniya, sannan a lallashe ni a tawa ni kaɗai?

Don haka ku da za ku tafi birni, kada ku sa hotonku a bokitin kowa. In kun ga Bashiru kuma, ku isar masa da wannan, kada ku rage ko harafi. Ya mayar da hotona gajimare da alamarsa ta gaskiya, ya rubuta da hannunsa ba da sikirif ba. In ya nace sai an bar ni cikin albasa, to a foldar ta ɗaya. Sannan ya zo kasuwar albasa ta Aliero ranar da ta fi cika, ya tofar da cingam, ya hau bayan mota da lasifika, Alhaji Ɗandare na tsaye a gaba, ya ce da ƙarfi: "Malam Umaru ba na sayarwa ba ne, kuma bai taɓa zama na uku ba. Malam, ka yi haƙuri."