Tabon Saman Madubi

A bencin shagon mai yankan gilashi, wani magidanci ya rungume firam ɗin madubi, fenti ruwan zinare har gwiwar hannunsa. Dattijuwar da ke gefensa ta leƙo.

"Ɗan nan, firam ya sha ado. Ina madubin?"

"Yana cikin shara, Inna. Na matata ne, gadon mahaifiyarta. Kafinta ya faɗi kuɗin gyara, na ce ni ma ai ina da hannu. Na kankare shi, na fesa fenti, na manna masa duwatsun ado."

"To ai ya yi kyau."

"Ya yi kyau, ya yi nauyi. Ni kuma da basirata na mayar da shi kan tsohuwar ƙusa."

"Garin neman gira."

"Aka rasa ido. Gobe take dawowa daga tafiya. So nake a yanka mini sabo, a yi masa baƙin tabo a sama irin na tsohon, kada ta gane."

"Ka faɗa mata gaskiya mana. Ga sabon madubi tas, wa zai yi kukan tabo?"

Ya gyara zaman hularsa.

"Inna, tabon nan daidai kaina yake faɗawa. Shekara da shekaru ban ga sanƙona ba."

Ta dubi hular, ta jinjina kai.

"A yanka maka tas, ɗana. Matarka kullum tana ganin sanƙon, kuma ka ce gobe za ta dawo."