Kafaɗar Alhaji Ɗalhatu

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro Malam Sulaiman, iyayenmu dattawan ƙungiyar 'yan Arewa mazauna Dubai, uwarmu Hajiya Maimuna, 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai da kuka baro Al Karama da Al Buteen cikin zafin nan, barkanku da zuwa.

Ni ne Mu'awiya, mai sassaƙa sunaye a jikin tagulla, kuma godiya ce ta tsayar da ni.

Ta farko ga ƙungiya, da ta ɗora mini aikin zana mijin Hajiya, marigayi Alhaji Ɗalhatu, domin Hajiya ta koma Kano da kamannin mijinta a hannu. Alhaji bai taɓa samun zaman ɗaukar hoto ba, ɗan na fasfo kaɗai ya bari.

Ta biyu ga magabatan sana'ar nan na Turai, shekara ɗari biyar baya, masu yanka zane a tagulla, su shafa tawada, su buga a takarda. A ma'auninsu, cikakken mutum tsawonsa ya ninka tsawon kansa sau takwas, kafaɗunsa daidai wa daida. Na bi su sau da ƙafa, na fito da mutum santalele, har ina hura hanci.

Ta uku, wadda ta fi nauyi, ga Hajiya. Ta dubi takardar ta ce, "Ɗan nan, wannan kyakkyawan wane ne? Mijina gajere ne, kafaɗarsa ta dama a karkace. Shekara ashirin yana saɓa wa baƙi kaya zuwa kago, wajen masu aika kaya gida, kai kuma ka miƙe masa ita?"

Jama'a, na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Tagulla ba allo ba ce balle a wanke, ga bizar Hajiya saura kwana tara. Na ce khalas, shi ke nan, na ajiye ma'auni, na bi ku shago-shago ina tambayar yadda yake tsayawa, yadda yake tafiya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi: ku da ya ɗaukar wa kaya, ku kuka zana shi.

Jiya na kai mata sabon bugu, gabana na faɗuwa. Ba ta ce ya yi kyau ba. Ta ɗora yatsa a kan kafaɗar, ta ce, "Sannu da aiki, Alhaji."

Allah ya jiƙansa, ya sauke masa nauyi yadda ya sauke mana. Allah ya kai Hajiya gida lafiya, ya mai da kowa masaukinsa cikin aminci.

Na gode.